Littafin bashin Alhaji ya ɓuya cikin kwamfuta

Ran Asabar da ta wuce, bayan la'asar, wani Alhaji abokin mahaifina ya aiko yaronsa bisa babur, wai in zo Lamorde maza-maza, kwamfuta ta cinye masa littafin bashi. Na ƙetare gadar Kennedy, na iske shi zaune ƙofar kantinsa na siminti da kwanon rufi, carbi a hannu, fuska a murtuke. Wata ya kusa ƙarewa, ma'aikata na gab da ɗaukar albashi, kuma rabin masu cin bashinsa ma'aikata ne. Wanda ya san Yamai ya san cewa bashin da ba a bi ba cikin kwana ukun farko na albashi, sai kuma wani watan.

Alhaji bai shiga harkar kwamfuta don son zamani ba. A watan Satumba na 2020, sa'ad da kogin Isa ya fasa madatsa ya malale Lamorde, ruwa ya tafi da littattafansa na takarda, kuma cikin masu bashi akwai waɗanda mantuwa ta kama tun daga ranar. Daga nan ya sa wani ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni ya tsara masa littafin lissafi a Excel. Yaron ya yi aiki mai ban sha'awa: da an buɗe, sai jadawali ya cika allo daga sama har ƙasa, ba a ganin komi sai manyan maɓallai uku, Kaya, Ciniki, Bashi. Ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa. Bana Alhaji ya sayi sabuwar na'ura, aka aiko masa da littafin ta wasiƙar intanet, ya buɗe, ya danna Bashi har yatsa ya gaji, shiru kake ji.

Abin da ɗalibin ya dasa cikin littafin shi ake kira makaro, wato jerin umurni da ake rubutawa sau ɗaya, na'ura ta riƙa bi duk lokacin da aka taɓa wani maɓalli ko aka buɗe littafi. Harshen rubuta shi, VBA, ya shigo Excel tun 1993. Tsofaffin ma'aikatan biro za su tuna cewa a farko har da Faransanci ana rubuta shi, amma daga Excel 97 aka koma Ingilishi zalla. Shi ya sa ko Excel ɗinka na Faransanci ne, kana rubuta SOMME cikin jadawali, a cikin makaro tilas ka rubuta True da False. Umurnin cika allo layi ɗaya ne tak: Application.DisplayFullScreen = True. Kuma masu tsara littattafai sun ƙara dogaro da shi tun da Excel 2013 ya cire maɓallin Plein écran daga wurin da aka saba ganinsa.

Ciwon Alhaji na farko ba daga layin nan ya fito ba. Tun 2022 kamfanin Microsoft ya fara toshe makaron duk littafin da ya zo ta intanet, sai jan layi ya fito a sama yana gargaɗin haɗari. Alhaji ya ga jan layin, ya ɗauka ado ne. To, makaro a ɗaure, maɓallai uku sun zama hoto kurum. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ɗalibin ya ɓoye sunayen shafukan da ke jere a ƙasan allo, kuma wannan ɓoyewa tana zaune cikin littafin kansa, ko makaro ya yi aiki ko bai yi ba. Ƙofa a rufe, taga kuma an liƙe ta da laka.

Na riƙe Ctrl na danna Page suivante, maɓallin da wasu na'urori ke rubuta PgDn a kansa. Shafin kaya ya fito. Na sake dannawa sau biyu, sai ga bashi, suna bayan suna, ko dala ba ta ɓace ba. Alhaji ya ce: «Ɗana, Allah shi yi maka albarka, kar ka sake taɓa komi!» Na ce: «Baba, a yi haƙuri, yanzu aka fara.» Kafin komi na kwafi littafin na ajiye gefe, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haka kullum kafin ya sa hannu cikin makaro, domin abin da makaro ya aikata ba a janye shi da Ctrl da Z.

Kwance ɗaurin ba wuya: a rufe littafin, a danna sunansa da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Propriétés, a sa alama a Débloquer. Amma a nan ina jan kunnen ƴan'uwana ma'aikata. Toshewar nan tana da dalili. Tun 1996 aka ga ƙwayar cuta mai suna Laroux tana yawo cikin makaron Excel, kuma a Maris na 1999 Melissa ta bi ta makaron Word ta rikita ofisoshi a Amurka da Turai. Littafin da ka san wanda ya rubuta shi, kwance. Wanda ya faɗo cikin akwatin wasiƙun sarwishi da sunan takardar kuɗi ko jerin ƙarin girma, daga hannun da ba ka sani ba, bar shi a ɗaure, ko da shugaban sashe na tsaye a kanka.

Da muka kwance, allo ya cika, maɓallai suka farka, sai ciwo na biyu ya bayyana. Alhaji ya buɗe wani littafi dabam, na kuɗin hayar gidajensa, shi ma ya fito tsirara: babu kayan aiki a sama, babu layin da ke nuna lissafin da ke bayan kowace lamba. Ya danna Échap, wanda a ka'ida shi ke fid da mutum daga cikakken allo, bai motsa ba. Dalili yana cikin kalmar farko ta umurnin. Application na nufin Excel gaba ɗaya, ba littafi guda ba. Ɗalibin ya rubuta umurnin shiga, bai rubuta na fita ba, kuma ya kashe Échap da wani umurni mai suna OnKey don kada yaran kanti su yi wasa.

Ga hanyar fita, a yanke ta a liƙa jikin bango. A riƙe Alt a danna F11, ɗakin makaro zai buɗe. A riƙe Ctrl a danna G, wata ƴar taga za ta fito a ƙasa. A rubuta Application.DisplayFullScreen = False, a danna Entrée. A layi na biyu a rubuta Application.DisplayFormulaBar = True, a sake dannawa. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin Excel na riƙe ɓoyewar layin lissafi ko an kashe na'ura an kunna. Échap kuwa yana dawowa da kansa da zarar an rufe Excel ɗungurungum. Idan kuma makaron ne ke hana ka sakat tun daga buɗewa, riƙe Maj yayin da kake buɗe littafin daga cikin Excel, ba zai tashi ba.

Gyara na dindindin ya ɗauke ni minti goma. A cikin ThisWorkbook na mayar da umurnin cika allo ƙarƙashin Workbook_Activate, na sa na sakinsa ƙarƙashin Workbook_Deactivate, ta yadda da an juya zuwa wani littafi ko an rufe wannan, komi zai koma mazauninsa. Da yawa suna sa shi a BeforeClose kaɗai, alhali mutum na iya fasa rufewa a tambayar ƙarshe, ya zauna da allo rabi da rabi. Na share layin da ke kashe Échap, na maido sunayen shafuka, na ajiye littafin da wutsiyar xlsm. Wanda ya ajiye shi da xlsx, makaron duka ya zube, kuma Excel sau ɗaya yake gargaɗi.

Ni dai ban ga laifin cika allo ba. Ga dattijon da idonsa ya fara rauni, rahama ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da shi kwaɗo. Yaron kantin da ke son ha'inci zai koyi Alt da F11 cikin yini guda, mai dukiyar ne kaɗai za a bari a waje. Kuma ɗan kasuwar da aka ɓoye wa layin lissafi, ta ina zai gane ko jimillar ƙasa ta haɗa da layukan da aka ƙara bara? Da na duba ta Alhaji, ta tsaya a layi na 200, sunaye kuwa sun kai 231.

Ya sa aka buga masa shafin bashin kofi biyu a wani shago kusa da asibitin Lamorde, ɗaya ya sa aljihu, ɗayan ya ce za a kai gidan ƙanensa a ƙetaren kogi, can inda ruwa ba ya kaiwa.