Ruwan da Bai San Iyaka Ba

 

Ya 'yan uwana matasa, da na dawo daga Zambiya a watan Afrilun 2022, wani dattijo a masallacinmu na Amarawa ya tare ni da tambaya: "Malam, ashe da gaske ne kuɗi ka kashe don ka je kallon ruwa?" Na sunkuyar da kai na yi shiru saboda girmansa. Amsar da na haɗiye a ranar ita zan ba ku yau.

Taron malamai ne ya kai ni, sai na ƙara kwana biyu na gangara garin Livingstone don ganin magangarar ruwan Biktoriya, inda kogin Zambezi mai faɗin sama da mita 1,700 ke faɗawa cikin kwazazzabo mai zurfin mita 108. Mutanen wurin suna kiranta Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa, tun kafin Bature David Livingstone ya iso a 1855 ya laƙaba mata sunan sarauniyar Ingila. Ni da na tashi inda ake sammakon rijiya da guga, da na ji wannan rugugi, feshi ya jiƙe ni sharkaf, ban san lokacin da tasbihi ya fito daga bakina ba.

A fahimtata, irin wannan tafiya ba almubazzaranci ba ce, domin Alƙur'ani mai girma ya yawaita kiran bayi su yi tafiya a bayan ƙasa su yi tunani. Sharaɗin dai kada ka ci bashi dominta, kada ka tauye haƙƙin iyalinka, kada salla ta wuce ka. Kuma ka je da zuciyarka, don na ga waɗanda suka juya wa ruwan baya tun isowarsu, suna ta ɗaukar hoton kansu har suka tafi.

Babban darasin kuwa a kan gada na same shi. An gama ta a 1905, kuma a tsakiyarta Zambiya ta ƙare, Zimbabuwe ta fara. Amma feshin bai tambayi kowa fasfo ba, bakan gizo ma ya haɗe gaɓar nan da waccan. Sai na tuna gida. A yarjejeniyoyin 1904 da 1906 Ingila da Faransa suka daidaita layin da ya raba Illela da Kwanni. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 iyakarmu tana rufe, gwaggona tana jinya a Kwanni, gaisuwarmu sai ta waya. An sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024.

Na san hukuma tana da hujjojinta na tsaro da fasa-ƙwauri, kuma bin doka wajibi ne a kanmu. Abin da nake tsoro shi ne layin ya tashi daga taswira ya shiga zukata. Ina ganin yadda matasanmu ke zagin juna a Facebook, wannan ɗan Nijar, wancan ɗan Nijeriya, alhali Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da muke alfahari da shi a Maratta aka haife shi, cikin Nijar ta yau.

Wanda bai da halin zuwa Zambiya, ga Gurara a jihar Neja, ga Matsirga a Kafanchan. Wanda ko hakan ya gagara, to ya tsallaka Kwanni ya gai da danginsa, domin zumunci a ƙafa yake.

Allah Ya sa mu ga ayoyinSa mu wa'aztu.