Dokar rufe tarihin ƙananan laifuka a New York: wa za ta wanke, wa za ta bari?

Ranar 16 ga Nuwamban 2024 dokar Clean Slate ta fara aiki a jihar New York ta Amurka, shekara guda bayan Gwamna Kathy Hochul ta rattaba mata hannu. Wanda aka yanke wa hukunci kan ƙaramin laifi, irin su ɗauke kaya a kanti, za a rufe bayanansa bayan shekara 3 da yanke hukuncin ko fitowarsa daga kurkuku, muddin bai sake aikata wani laifin ba. Manyan laifuka sai bayan shekara 8, kisan kai da laifukan lalata kuwa ba sa ciki.

Muhimmancin dokar yana cikin cewa mutum ba sai ya shigar da buƙata ba. Binciken da J.J. Prescott da Sonja Starr suka wallafa a 2020 kan jihar Michigan ya gano kashi 6.5 cikin ɗari kacal na waɗanda suka cancanta ne suka samu sharewar cikin shekara biyar, saboda kuɗin lauya, tarin takardu da rashin sanin haƙƙi. Waɗanda suka samu kuwa, abin da suke samu na albashi ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekara guda. Wannan giɓin ne jihar Pennsylvania ta fara toshewa a 2018, inda ta ɗora aikin a kan kwamfutocin kotu.

Sai dai rufewa daban, gogewa daban. 'Yan sanda da kotuna za su ci gaba da ganin bayanan, haka ma masu ɗaukar ma'aikatan kula da yara. Kamfanonin binciken tarihin masu neman aiki da gidan haya sukan riƙe tsofaffin bayanai, labarin da jarida ta buga kuma yana nan a intanet. An kuma bai wa kotunan New York wa'adi har Nuwamban 2027 su kammala rufe tsofaffin shari'o'i, wato dubban mutane na zaman jira.

Baƙi ne suka fi kowa fuskantar haɗarin ruɗuwa, ciki har da Hausawan Ghana da Nijar mazauna Bronx. Shige da fice hurumin gwamnatin tarayya ne, kuma a wurinta hukuncin da jiha ta rufe yana nan daram. Mai neman takardar zama ko ta ɗan ƙasa da ya ce ba a taɓa hukunta shi ba, bisa zaton dokar ta wanke shi, yana iya rasa takardar, har ma ya fuskanci kora.