Tabarau mai ƙofofi da 'yan bokon da ke saye

Tallarsa ta cika Facebook da zaurukan WhatsApp: baƙin tabarau na roba, an huhhuda shi kamar rariya, wai in ka saka shi na 'yan mintoci kullum idonka zai warke, ka rabu da gilashin likita. Masu tura tallar kuwa har da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, mutanen da suka yi kimiyya a sakandare.

A yi wa kayan adalci: mai buƙatar gilashi in ya saka, rubutu kan fito masa sarai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A idon da ke buƙatar gilashi, hasken da ya shigo ta ƙwayar ido ba ya haɗuwa wuri guda a kan tantanin da ke can baya, sai ya bazu, hoto ya yi dishi-dishi. Ƙofa mai faɗin kimanin milimita 1 tana tare mafi yawan hasken, ta bar siririn zare ya wuce, bazuwar ta ragu. Abin da mai raunin gani ke yi ke nan idan ya ƙanƙance ido don ya karanta allo. Ibn al-Haisam ya yi bayanin yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya zana hoto a ɗaki mai duhu cikin Kitab al-Manazir, a Alƙahira, shekara dubu da ta wuce. Dunƙule hannunka, ka bar 'yar kafa, ka leƙa: ka samu abin da ake sayar maka, kyauta.

To, da ka cire, ido yana nan yadda yake. Tsawon ƙwallon ido bai sauya ba, madubin cikinsa da ya fara taurin shekara arba'in bai yi laushi ba. Zancen "motsa jinin ido" tsohon yayi ne tun littafin William Bates na 1920, kuma a 1993 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta tuhumi masu sayar da wannan tabarau kan iƙirarin da ba su da hujjarsa. Abin da aka kora can shi ne ake kawo mana da sunan sabuwar fasaha.

Yana kuma da illarsa. Yana rage haske, yana toshe ganin gefe. Mutum ya saka shi ya hau babur da magariba a hanyar Zuru zuwa Rijau, wannan ganganci ne.

Asarar kuɗin ba ita ta fi damuna ba. A asibitin ido, ƙofar nan kayan gwaji ce: ma'aikaci ya ɗora ta a idonka, in gani ya gyaru, to alama ce gilashi kake buƙata, in bai gyaru ba, sai a nemi wata cuta. Ko ya gyaru ma ba a gama ba, domin hawan jinin ido daga gefe yake cin gani, ba ciwo, ba gargaɗi, mai shi na iya karanta ƙaramin rubutu alhali jijiyar tana mutuwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, hawan jinin ido na biye. Rariyar roba ba ta auna ko ɗaya.

Na san hujjar masu saye, kuma tana da nauyi: daga Zuru, zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna yini ne da kuɗin mota, ga fargabar hanya. Wannan ƙorafi ne da ya kamata mu kai gaban gwamnatin jiha da babbar murya, har a wadata asibitocin ƙasar Zuru da masu auna ido da na'urar gwada ƙarfin ruwansa. Amma mai albashi da ke iya sayen waya ta yin odar tabarau yana iya biyan kuɗin awo sau ɗaya a shekara, ya ɗauki mahaifiyarsa su tafi tare, musamman in akwai ciwon suga ko makanta a dangi.