Sana'ar sanyi da zafin bashi a ƙasar Kurfai

Da zarar an buɗe makarantu a watan Oktoba, akan ga iyaye daga Filinge, Cikal da Tukunus sun kama hanyar Yamai, ɗa a gaba, kuɗi a ƙulle, domin sanya shi makarantar koyon gyaran firiji da na'urorin sanyaya ɗaki. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Tun zamanin tsuke bakin aljihu da karya darajar sefa a watan Janairun 1994, aikin gwamnati ya daina jiran mai difloma a bakin ƙofa, kuma a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, wanda ya iya sanyi bai kamata ya kwana da yunwa ba. Sai dai da yawa sukan ci bashin tukuna, lissafi ya biyo baya.

Nijar ba Amurka ba ce, inda hukuma ke ranta wa ɗalibi kuɗin karatu ya biya bayan ya kama aiki. A nan bashin na uba ne. Ko ya sayar da saniya, ko ya ranta wajen ɗan kasuwa zuwa kaka, ko uwa ta ɗauki adashinta, ko kuwa ma'aikaci ya jinginar da albashinsa. Ƙa'idar babban bankin BCEAO ta yarje wa ƙananan asusun bashi su ɗora ruwa har kashi 24 cikin 100 a shekara. A misali, wanda ya ranci jika 300 a kan wannan iyaka, ruwan shekara guda kaɗai jika 72 ne, uwar kuɗi na nan ba a taɓa ta ba. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka ɗaga daga sefa 30,047 zuwa jika 42 a 2024, shi ne ma'aunin da sabon hannu zai kwatanta kansa da shi idan ya samu mai ɗaukarsa. Ke nan kusan albashin wata biyu ya tafi ga ruwan bashi, ban da haya da abinci a Yamai na tsawon karatu.

Ita ma sana'ar tana da damina da rani. Daga Maris zuwa Yuni, musamman idan azumi ya faɗo cikin bazara, masu ƙanƙara da ruwan sanyi sukan yi ta neman mai gyara ruwa a jallo. Da hunturu ya shigo a Disamba, sai a kashe na'urori, shago ya yi tsit. Mai bin bashi bai san hunturu ba.

Babbar magana ita ce lantarki. Aikin mai gyaran firiji yana tsayawa inda wayar NIGELEC ta tsaya, kuma ƙauyukan Kurfai da yawa ba su ga wayar ba. An ga yadda abin yake a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin ke ba da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar, ta yanke wuta har zuwa farkon 2024. Haka kuma hana hawan babur da aka yi a jahar Tilaberi a 2020 saboda rashin tsaro ya nuna cewa mai sana'ar da ke bin ƙauyuka na iya wayewar gari ba shi da ƙafa. Shi ya sa yaron da aka sayar da saniyar Kurfai domin karatunsa yakan ƙare a Yamai, kilomita kusan 180 daga gida, inda ofisoshi da otel-otel suke. Filinge ta biya, wani gari ya mora.

Duk da haka, wannan jarida ba ta cewa a guje wa makaranta. Sana'ar ta canza, kuma kallon hannun maigida kaɗai bai isa ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da gas ɗin R-12, R-22 na kan hanyar fita nan da 2030, gyaran Kigali na 2016 kuma ya taɓa R-134a. Sabbin firiji da dama na aiki da R-600a, gas mai kama wuta, wanda jahilci a kansa na iya cinye shago da mai shi. Abin da jaridar ke ja a kai shi ne cin bashi mai ruwa domin makarantar kuɗi tun ba a ƙwanƙwasa ƙofar cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da asusun FAFPA ba, ba a kuma tambayi makarantar ko ma'aikatar minista ta amince da takardarta ba. Idan bashi ya zama dole, gara a ci shi domin kayan aiki: famfon zuƙe iska, ma'aunin gas, kayan walda da tulun gas. Waɗannan su ke shigo da kuɗi tun ranar farko, kuma ana iya sayar da su idan tafiya ta ƙi. Difloma ba ta da kasuwa ranar Lahadi.

Aiki kuwa akwai shi a gida, idan hukumomi sun so. Gidajen likita na karkara na ajiye allurar rigakafi cikin firiji masu aiki da hasken rana. Tashar kiwo ta Tukunus, gidan shanun Azawak, na da madarar da ba ta jure zafi. Mahauta da masu sayar da magani ma haka. Ya kamata hukumomin gundumar Filinge da ma'aikatar lafiya su ƙidaya waɗannan na'urori, su ba matasan yankin da suka koyi sana'ar kwangilar duba su a kai a kai, da farashi rubutacce, maimakon jiran mai gyara daga Yamai bayan magani ya riga ya lalace.