Kada Wayarka Ta Zama Infoma A Kanka

A wannan makon ina so in faɗi ra'ayina a kan wani abu da ya faru a gidanmu, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai ya shafa ba.

Yayana yana karatu a Aliero, amma a gida Jega yake kwana. Tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 kuɗin mota da na mashin suka yi masa yawa, sai ya gyara tsohon keken Baba ya riƙa zuwa da shi. Wani abokinsa ya sa masa wata manhaja a waya wadda take auna tafiyar keke. Idan ya danna ta kafin ya tashi, tana gaya masa kilomita nawa ya yi, minti nawa ya ɗauka, da kuma gudun da ya yi. Bayan haka sai ta zana hanyar da ya bi da layi mai launi a kan taswira. Abin ya burge shi ƙwarai, kusan kullum sai ya ɗauki hoton taswirar ya sa a sitatus ɗinsa na WhatsApp.

Wata ranar Asabar ya miƙo mini wayar don in ga irin gudun da ya yi. Ni kuma sai na sa yatsu biyu na faɗaɗa taswirar. Na ga masallacin unguwarmu, na ga lungunmu, na ga layin ya faro daga daidai ƙofar gidanmu. Da na duba tafiye-tafiyensa na baya, a cikin minti biyar na san lokacin da yake fita da safe, da lokacin da yake dawowa, da wurin da hanya take zama babu kowa. Na kuma gane ranar da yake tsayawa kasuwar albasa ta Aliero, wadda ita ce ranar da Kawu yake ba shi kuɗin ciniki ya kawo wa Baba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shafin nasa a buɗe yake. Duk wanda yake da manhajar, ko a ina yake, zai iya ganin abin da na gani.

Na ce masa, "Yaya, ai wannan abu yana nuna gidanmu." Ya yi dariya ya ce, "Kai wanga yaro ka cika tsoro. Wa ya damu da ni da tsohon kekena?" Sai na ce, "To Yaya, wane gida ne wannan da kake tsayawa rabin awa duk ranar Alhamis da yamma a kan hanyar Maiyama?" Ban rufe baki ba ya fizge wayarsa. A daren nan ya zauna ya rufe shafin. Alhamdu lillahi babu abin da ya same shi, amma na koyi darasi: duk wanda ya ce ba shi da abin ɓoyewa, bai duba taswirarsa da kyau ba ne.

Ra'ayina shi ne, ba laifi ba ne mutum ya auna tafiyarsa, amma kuskure ne babba ya bar kowa da kowa ya ga inda tafiyar ta fara, da inda ta ƙare, da lokacin da aka yi ta.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, kamar yadda na fahimta. Akwai taurarin ɗan Adam na GPS da suke zagaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Wayar da ta karɓi saƙo daga aƙalla guda huɗu a cikinsu tana iya lissafa inda take. Ba ta buƙatar data kafin ta yi wannan lissafi. Manhajar keke tana ajiye wurin da kake a kai a kai tare da lokaci, sannan ta haɗa ɗigo-ɗigon su zama layi. Da zarar ka kunna data sai ta tura komai ga kamfanin. Tafiya ɗaya ba ta faɗin abu mai yawa. Tafiya ashirin kuwa tana faɗin al'adarka gaba ɗaya, kuma al'adar mutum ita ce abin da ɓarawo yake nema.

Kada wani ya ɗauka yara da ƙauyawa ne kawai suke yin wannan kuskure. Sojojin manyan ƙasashe ma sun yi shi. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin Strava, wanda manhajarsa ta shahara wajen masu tseren keke da masu gudu, ya fitar da wata taswirar duniya da ya haɗa daga tafiye-tafiye biliyan ɗaya na masu amfani da shi. Duk inda mutane suka yawaita bi, wurin yana haske. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan ƙasar Ostareliya mai shekara 20, Nathan Ruser, ya lura da wani abu. Biranen Turai da Amurka sun cika da haske ko'ina, amma a cikin hamadar Siriya da Afghanistan, inda ko'ina duhu ne, akwai 'yan ƙananan zobba masu haske. Ashe sojoji ne suke motsa jiki a cikin sansanoninsu da agogo ko waya a kunne. Mutane suka shiga bincike, aka gano sansanoni da dama, har da na sojojin ƙasashen waje a yankin Sahel, yankin da maƙwabciyarmu Nijar take ciki. A watan Agusta na wannan shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta hana sojojinta da ke wuraren aiki kunna abubuwan da ke nuna wuri. Duk da haka, a watan Oktoba na 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna cewa ana iya gane inda wasu shugabannin ƙasashe suke sauka, har da na Faransa da na Amurka, ta hanyar bin gudun da masu tsaron lafiyarsu suke sawa a wannan manhaja.

Abin lura a wannan labari shi ne, duhun da ke kewaye da su ne ya tona asirin sojojin. A birnin da dubban mutane suke amfani da manhaja, layin mutum ɗaya yana iya ɓacewa a cikin na jama'a. A garuruwa irin namu kuwa, inda masu sa tafiyar keke a intanet ba su da yawa, layinka zai fito fili kamar fitila a gona da dare. Ga shi kuma a nan kowa ya san kowa. Wanda ya ga layi ya fito daga lungu kaza, ya riga ya san ɗan gidan wa ne.

Na san wasu za su ce ina zuzuta abu. Bari in amsa maganganu uku da na ji daga abokaina.

Na farko ya ce, "Mu talakawa ne, wa zai bi mu?" To amma keke dukiya ne, waya ma dukiya ce, kuma su biyun ne taswirar take cewa kana tare da su, kai kaɗai, a wuri kaza da ƙarfe kaza. Bayan haka, mu 'yan Jihar Kebbi ba sai an koya mana maganar tsaro ba. Ba mu manta da ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da aka sace a watan Yuni na 2021 ba. Ba ina ɗora wannan masifa a kan waya ba ne. Abin da nake nufi shi ne, kullum muna jin manya suna cewa miyagu ba sa shiga gari sai da infoma, wato mai ba su labarin wanda zai fita da lokacin da zai fita. Idan muna tsine wa infoma, me zai sa mu riƙe wani a aljihunmu, mu saya masa data, mu yi masa caji?

Na biyu ta ce, "Ai nuna wuri yana taimakon tsaro, iyaye za su san inda ɗansu yake." Wannan gaskiya ne, kuma na yarda da ita. Amma akwai bambanci tsakanin gaya wa mahaifiyarka inda za ka da yin shela a kasuwa. A WhatsApp kana iya tura wa mutum ɗaya wurin da kake kai tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, daga nan abin ya tsaya da kansa. Yanzu haka Yaya yake yi. Idan zai taso daga Aliero da kuɗin Baba, Baba kaɗai yake tura wa. Wannan ya ƙara masa tsaro, bai rage ba.

Na uku ya ce, "Yawancinmu ba mu da waya, me ya shafe mu?" Ni ma ba ni da ita. Amma a gidan da nake kwana layin Yaya ya fara. Idan yayanka ya nuna ƙofar gidanku, ai har da kai da ƙannenka ya nuna. Kuma nan da shekara biyu ko uku da yawa daga cikinmu za su riƙe waya. Gara mu koyi tuƙi kafin mu hau titi.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun gina gida da zaure domin baƙo ya tsaya a can, ba ya shiga ciki sai an yi masa izini. Malaminmu na Islamiyya ya karantar da mu a Suratu Yusuf cewa Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya gargaɗi ɗansa kada ya ba 'yan uwansa labarin mafarkinsa. Idan har abin alheri ma ba kowa ake gaya wa ba, ina ga hanyar da kake bi kai kaɗai da sassafe?

Ga abin da nake ba da shawara a yi, kuma ba ya cin ko kwabo.

Da farko a shiga wurin saiti na manhajar, a nemi sashen sirri. A Strava misali akwai zaɓi uku na wanda zai ga tafiyarka: kowa da kowa, ko mabiyanka kawai, ko kai kaɗai. A zaɓi na biyu ko na uku. Sannan a gyara shafin yadda ba wanda zai zama mabiyinka sai ka amince, kuma kada ka amince da wanda ba ka san fuskarsa ba. A tuna a koma kan tsofaffin tafiye-tafiye a rufe su su ma, domin sabon saiti ba lallai ne ya shafi na baya ba.

Abu na biyu, a ɓoye farkon hanya da ƙarshenta. Strava tana ba da damar ɓoye har kusan mita 1,600 daga gida, ko ma a ɓoye taswirar baki ɗaya a bar nisa da lokaci kawai. Sai dai kada a dogara da wannan kaɗai. A shekarar 2022 masu bincike a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam sun nuna cewa sau da yawa ana iya lissafo wurin da aka ɓoye. Dabarar da ta fi ita ce mafi sauƙi: kada ka kunna manhajar a ƙofar gida. Bari sai ka hau babban titi ko ka kai tasha, kuma ka kashe ta a can idan ka dawo.

Abu na uku, duk saitin da ka yi ya tashi a banza idan ka ɗauki hoton taswirar da hannunka ka sa a sitatus ko a Facebook. Sitatus yana gogewa bayan awa 24, amma wanda ya adana hoton ya riƙe shi ke nan. Idan dole sai ka nuna bajintarka, yanke taswirar ka bar lambobin. Abokanka za su yaba maka kilomita 30 ko da ba su ga lungunku ba. Kada kuma ka sa abu kana kan hanya, bari sai ka isa gida.

Abu na huɗu, idan kun yi tafiya tare da aboki, ka tambaye shi kafin ka sa. Hanyarku ɗaya, saboda haka sirrin ba naka ba ne kai kaɗai. Wannan ya fi muhimmanci ga 'yan uwanmu mata da suke bin hanya ɗaya kullum zuwa makaranta ko Islamiyya.

Ina kuma da roƙo ga malamanmu, musamman malamin kwamfuta. Muna haddace sassan kwamfuta muna rubutawa a jarrabawa, kuma muna godiya. Amma muna roƙon a ware darasi ko da guda ɗaya a zango, a zo da waya aji, a nuna mana a aikace inda ake kashe nuna wuri da inda ake zaɓar wanda zai ga abin da muka sa. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, amma doka ba za ta iya dawo da abin da mutum ya watsa da hannunsa ba. Ilimi ne zai hana shi watsawa tun farko, kuma abin da muka koya a aji za mu kai shi gida.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Yau idan ka koma gida, ka roƙi yayanka ko yayarka su nuna maka taswirar da ke cikin wayarsu. Ka faɗaɗa ta da yatsu biyu, ka duba inda layin ya fara. Idan ka ga ƙofar gidanku, ka san abin da za ka gaya musu.

Allah ya tsare mu da iyayenmu da malamanmu a duk hanyar da muka bi, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗan ƙungiyar 'yan jarida.