Jiran Kirsimeti a Zamanin Canjin Yanayi

Lahadi huɗu kafin Kirsimeti Kirista sukan shiga lokacin jiran zuwan Almasihu. A ƙasar Hausa wannan lokaci yakan zo daidai da ƙarshen kaka, sa'ad da hunturu ya kama, manomi kuma ya san abin da ya shiga rumbunsa. A shekarun nan mutane da yawa suna yin wannan jira ne cikin fargaba.

Fargabar tana da dalili. A shekarar 2022 ambaliyar ruwa ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, bai bar coci ba, bai bar masallaci ba. Mai wa'azin da ya ce wa irin waɗannan mutane su yi shiru su yi haƙuri kawai, bai yi musu adalci ba.

Bege na Kirista jira ne mai haɗe da aiki. Yusufu ya ji labarin yunwar da za ta zo Masar, sai ya tashi ya tara hatsi shekara bakwai. Akwai misali a kusa. A 1983 wani ɗan mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a yankin Maraɗi cewa kututturen da ake sarewa a gonaki suna da saiwa mai rai. Manoma, yawancinsu Musulmi, suka fara barin toho ɗaya ko biyu su girma, suna sassabe sauran. Ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo gonakin Nijar, gawo ya sake ba gero taki.

Darasin da ke nan shi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Damuwa takan fi nauyi ga wanda ya riƙe ta shi kaɗai. Saboda haka ya kamata kowace ikilisiya ta yi amfani da waɗannan makonni huɗu wajen sauraron waɗanda ruwa ko fari ya cinye wa gona. Zumuntar mata ta tara musu hatsi, matasa su yashe magudanun unguwa tare da maƙwabtansu Musulmi, dattawa kuma su shirya irin shuka tun kafin damina. Wanda yake jiran baƙo mai daraja, share gida yake yi.