Cutar da Ba Ta da Suna a Hausa: Me Ya Hana Mu Raɗa Mata?

A ƙauye irin Horo Birni, idan yatsun mace suka fara ƙandarewa, bakinsu ya riƙa gyambo, fatarta ta yi dabbare-dabbare, kalmar da ke fara zuwa bakin mutane ita ce kuturta. Daga nan sai a ware mata ƙwarya, wani lokaci ma aure ya girgiza. Alhali kuwa akwai wata cuta mai wuyar samu da ke zuwa da irin wannan kama, wadda likitoci ke kira sikilarodama, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "tauri" da "fata". Ba a ɗaukar ta daga wani.

Garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, sai sinadarin kolajin, wanda ke ɗaure sassan jiki, ya yi yawa har fata ta yi tauri, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 da 50. Alamar farko sau da yawa ita ce yatsu su yi sanyi su sauya launi, musamman da hunturu, abin da ke da wuyar gani a baƙar fata. Ba a fata take tsayawa ba: takan taɓa maƙoshi, ƙoda, zuciya da huhu, kuma ta huhun ce ta fi kisa. Wannan ne ya sa Robert Goetz, a Cape Town a 1945, ya ba ta sunan da ke nuna tana game jiki.

A ganina, a nan aikin manazarta Hausa yake. "Taurin fata" bai wadatar ba, domin ya ɓoye ɓarnar ciki. Harshen yana da tsarin da ya haifar da sanƙarau daga sanƙare, da ƙanjamau daga ƙanjame. A kan wannan ma'auni ina ba da shawarar ƙandarau. Na san za a ce ƙanjamau ta jawo tsangwama, kuma gaskiya ne. Sai dai majinyaciyar Horo Birni ta riga ta sha tsangwama da sunan cutar da ba ita ke damun ta ba.

Ya kamata Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna da likitocin asibitin koyarwa na Sakkwato a tantance kalmar, sannan a gwada ta a bakin masu Sakkwatanci a Boɗinga da Shagari kafin ta shiga rediyo.